Kifin da Ake Kira Gwaggo

'Yan layi suna kiransa Likitan Famfo, rabi tsokana, rabi gaskiya. Shagonsa bai fi taku huɗu ba, tsakanin na tela da na mai walda. Sana'arsa sayen tsofaffin famfunan tankin kifi, irin waɗanda ke juya ruwa don kifin ado ya samu iska, ya wanke su, ya sayar.

Wankin nan kuwa ba wasa ba ne. Sai ya kwance famfo ɗaya bayan ɗaya, ya zaro 'yar farfelar ciki, ya jiƙa komai a ruwan tsami har farin dattin da ya daskare ya saki. Ya bi kowane lungu da tsohon buroshin haƙori. Sabulu ko kusa ba ya zuwa. Daga nan ya tsoma su a ruwan bilic, maganin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, don bai san cutar da ta kashe kifin mai famfon na farko ba. Sai babbar dokarsa: famfo ya kwana uku yana aiki a bokitin ruwa zalla, kullum ana sauya ruwan, har bilic ya fita tas.

"Kwana uku!" in ji tela. "Ni jaririna ma ba a yi masa irin wannan wanka ba."

"Jaririnka ba ya shan ruwan wankansa," in ji Likita.

Iyakar hirarsa ta yini ke nan. In ya rufe shago, ɗaki ɗaya yake komawa, inda ba mai yi masa sannu da zuwa sai kifi guda. Matarsa ce ta sayo shi, ja mai kumburarrun kumatu, ta sa masa suna Gwaggo saboda kullum baki a ture kamar an ɓata masa rai. Shekara bakwai ke nan da rasuwar matar. Gwaggo na nan, sunan ya bi jiki har kowa ya koma cewa "ita".

'Yarsu tilo tana aiki a wani gari mai nisa. Duk ƙarshen mako takan kira, kuma zancen ɗaya ne. "Baba, ya Gwaggo?" Shi kuma ya zage ya ba da labari: ta ci, ta yi fushi, ta tone tsakuwa. A da, uwar ce mai haɗa su hira. Da ta tafi, sai kifin ya gaje ta. Likita bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma tsoronsa ɗaya ne a duniya: ranar da babu Gwaggo, me yarinyar nan za ta kira ta tambaya?

Wata ranar Laraba 'yar ta ce za ta zo ran Asabar, karo na farko cikin shekara biyu. Washegari, kamar da gayya, famfon Gwaggo ya mutu. Ruwa ya fara dishi-dishi. A shago kuwa famfo ɗaya ne daidai tankin, kuma da safen nan ya fito daga bilic.

Mutumin da ya sha korar masu saye saboda gaggawa, shi ne ya tsaya yana lallashin kansa. Ya ɗauraye famfon sau biyar. Ya shinshina, bai ji komai ba. Ya manta, ko ya so ya manta, cewa soson da ke ciki yana riƙe abin da hanci ba ya ji. So yake ta tarar da ruwa garau, ta san bai yi sakaci da abin uwarta ba. Ran Juma'a da safe ya jona shi, ya tafi shago.

Da ya dawo da la'asar, ruwa ya yi garau kuwa. Gwaggo na saman ruwa, kwance a kan gefenta, ba motsi.

Ran Asabar da hantsi waya ta yi ƙara.

"Baba, ka yi haƙuri, an hana ni hutun. Sai wani watan." Ta ɗan yi dariya don ta rage nauyin maganar. "Ya Gwaggo?"

Ƙarya ta zo masa har baki. Zai iya ciyar da mataccen kifi a waya shekara guda ba ta sani ba.

"Ta mutu jiya, uwata. Ni na kashe ta. Ban bari famfo ya kwana uku ba."

Ya duba wayar ya ga ko layin ya yanke.

"To kai fa, Baba?" in ji ta a hankali. "Ya kake?"

Shekara bakwai ba wanda ya yi masa wannan tambaya yana jiran amsa. Famfon na ta ɓuɓɓuga a tankin da ba kowa. Ya miƙa hannu ya kashe shi, don ya ji ta da kyau.