Barista Walida da Shari'ar Hannun Rabi

A cikin Hausawan Kuala Lumpur da wuya ka samu wanda zai ce maka yana son Barista Walida Abdulgani, amma kusan kowa yana da lambarta a wayarsa.

'Yar Kano ce, haifaffiyar Gwammaja, doguwa, ba ta da yawan fara'a. Kafin ta zo Malesiya ta yi shekaru tana aikin lauya a gida, kuma shari'ar haɗari ita ce abin da ta fi ƙwarewa a kai: tirela ta take mai babur, injin kamfani ya cinye yatsun lebura. A nan ta koyi zafin baki. Sai ta gama wahalar neman shaidu, ta yi ta sintiri tsakanin asibiti da ofishin 'yan sanda, ana gab da shiga kotu sai dattawan unguwa su zaunar da mai raunin su ce masa ƙaddara ce, ya yafe. Ya yafe ya koma gida da sanda, wanda ya buge shi ya koma kan titi. Da ta samu tallafin karatun digiri na uku, mahaifiyarta cewa ta yi madalla, ko ba komai za ta huta da rigimar mutane.

Ba ta huta ba. Bincikenta a kan diyyar haɗari yake, saboda haka aka haɗa ta da wani ƙaramin ofishin lauyoyi a Sentul, a saman shagon masu sayar da taya, wanda wata Ba'indiya mai suna Madam Kalaivani take riƙe da shi. Doka ba ta yarda baƙuwa irin Walida ta tsaya gaban alƙali ba. Nata shi ne ta karanta rahoton likita, ta tsara bayanai, ta yi tafinta idan an samu ɗan Afirka. Abin yana ci mata rai. Sau da yawa tana zaune a bayan Madam tana jin lauyan inshora yana sharara ƙarya, amsa tana kan harshenta, sai dai ta haɗiye.

Da korona ta zo aka kulle gari, aikin ya ƙara lalacewa. Kotu ta rufe, da ta buɗe kuma sai aka koma zama ta bidiyo, yau a ɗaga, gobe a ce layi ya yanke. Likitoci ba su da lokacin rubuta wa kowa rahoto. Ma'aikatan inshora duk sun ce suna aiki daga gida, kuma ba mai ɗaukar waya. Masu ƙara kuwa ba su san wannan ba, Walida suka sani. Wani ɗalibi ɗan Kaduna da mota ta karya wa ƙafa ya kira ta ya ce, "Barista, kun haɗa baki da su ne? Just tell me, in sani." Ta ce masa ya fara goge bidiyon da ya saka yana rawa a bikin abokinsa, sannan ya zo su yi maganar haɗin baki, ta kashe wayar.

A cikin wannan hali ne aka buge Rabi.

Rabi matar Malam Muhyiddeen ce, wani ɗalibin digiri na uku da ke zaune da iyalinsa a wajen Jalan Semarak. Mutum ne da ake girmamawa, shi ke jan sallah idan 'yan gida Najeriya suka taru, shi ke raba gardama. Rabi kuwa ita ke yi wa mutane alkaki da dubulan da miyar kuka mai ɗanɗanon gida, ɗalibai su yi tapau, wato a ƙulle musu, su tafi da shi ɗakunansu. Lokacin kulle mutum ɗaya aka yarda ya fita cefane daga kowane gida. Malam yana da ciwon asma, don haka ita ta fita. Tana tsallaka titi a bakin kasuwar Chow Kit da ledar kifi da ganye a hannu, wata mota ta ƙi tsayawa a jar danja ta kwashe ta. Kafaɗarta ta dama ta farfashe, hannun ya zama sai dai ta tallafe shi da ɗayan.

Daga gadon asibiti Rabi ta kira Walida da kanta, da hannun hagu. Ba a barin kowa ya shiga dubiya, saboda haka ta waya suka yi komai. Walida ta samo wani mai sayar da ayaba, ɗan Bangaladesh, wanda ya ga abin da idonsa, ta yi ta lallashinsa har ya yarda zai faɗi gaskiya duk da tsoron hukuma da yake yi. Ta bi 'yan sanda har suka ba da zanen wurin. Madam Kalaivani ta duba ta ce wannan shari'a ce mai kyau, ta shigar da ƙara.

Bayan an sallami Rabi sai Malam Muhyiddeen ya aiko a kira Walida. Ta je da takunkuminta a fuska, ta zauna a bakin ƙofa. Rabi tana gefe a kan darduma, hannun a rataye. A kan tebur akwai babban kwandon 'ya'yan itace da aka naɗe da leda mai sheƙi.

Malam ya ce, "Barista, mun gode da ɗawainiya. Amma maganar nan a bar ta. Mutumin da ya buge ta ya zo har gidan nan da kwandon nan, ya yi kuka, ya ba da haƙuri. Musulmi ne ɗan'uwanmu. Mun yafe."

Walida ta ce, "Wa ya yafe?"

"Mu."

"Malam, hannun wa aka karya?"

Ya gyara zama, fuskarsa ta canza. "Ke ba za ki koya mini hakkin iyalina ba. Mu baƙi ne a ƙasar nan. Bizata tana hannun hukuma, karatuna saura kaɗan. Kina so a ce ɗan Najeriya ya kai ɗan ƙasa kotu a wannan lokaci? Ke idan abin ya ɓaci jakarki za ki ɗauka, ba miji ba ɗa."

Maganar ta soke ta, amma ba ta nuna ba. Ta ce, "Ba aljihun mutumin za a taɓa ba, kamfanin inshora ne zai biya, don haka ma ake yin inshorar. Bizarka ba ruwanta da wannan. Likita ya ce sai an sake yi mata aiki, in ba haka ba hannun nan ya tafi kenan. Kwandon lemo ne zai yi mata aikin?"

"Tashi ki fita mini daga gida."

Ta miƙe. Tana saka takalmi sai ta ji muryar Rabi, a hankali, ba tare da ta ɗaga kai ba. "Abban Hureira, ni fa ban ce na yafe ba. Ko gashin yarinyar nan ba na iya kitsewa." Walida ta fita ba ta waiwaya ba.

Daga ranar aka sa ta a gaba. A zauren sada zumunta na matan 'yan gida aka fara rubuta cewa akwai masu shiga tsakanin mace da mijinta, akwai masu cin abinci da jinin mutane. Wata ta kira ta ungulu, ba ta ambaci suna ba, amma kowa ya gane. Walida ba mai yin shiru ba ce. Ta rubuta musu cewa duk wadda ta taɓa zuwa ta wanke wa Rabi ko kwano ɗaya tun da aka sallamo ta, ta ɗaga hannu. Ba wadda ta amsa, sai dai kafin la'asar an cire ta daga zauren.

Ta ɓangaren inshora ma ba sauƙi. Lauyansu wani matashi ne mai sanyin murya wanda Walida ta tsana tun ganin farko a allon kwamfuta. Da farko ya ce Rabi ba ta da izinin fita ranar. Aka nuna masa tana da shi. Ya ce ba a kan layin masu tafiya a ƙasa ta tsallaka ba. Ya ce sana'ar alkakin da take yi ba ta kan doka, don haka ba za a lissafa asararta ba, kuma a wannan Madam Kalaivani ta ce yana da gaskiya, dole suka bar maganar. Sai kuma mai ayaba ya ɓace. An yi kame a yankin kasuwar, wayarsa ta daina shiga, ba wanda ya san ko yana tsare ne ko ya gudu. Walida ta yi ta zagaya rumfunan Chow Kit cikin zafin rana tana tambaya, 'yan kasuwa suna kawar da kai, don duk mai yawan tambaya a lokacin ɗan leƙen asiri ne a wurinsu.

Ranar da aka zauna shari'ar, Malam ya hana a yi a gidansa. Rabi ta hau tasi ita kaɗai ta zo ofishin Sentul, aka zaunar da ita gaban kwamfuta, tafintan kotu yana wani allon, Walida tana can gefe inda kyamara ba ta kaiwa. Lauyan inshora ya saka wani bidiyo da suka sa aka ɗauka a ɓoye: Rabi a barandar gidansu tana shanya, ta ɗaga hannun dama.

Ya ce da Turanci, "Wannan ke ce? Ba ke kika ce hannun ba ya ɗaguwa ba?"

Rabi ta daɗe tana kallon kanta a allon. Ashe har gida aka bi ta. Ta ce, "Ni ce. Ku bar shi ya ci gaba."

Madam Kalaivani ta nemi a kunna bidiyon har ƙarshe. Lauyan ya yi ta kame-kame, alƙaliya ta ce a kunna. Aka ga rigar da take shanyawa ta suɓuce, aka ga Rabi ta durƙusa ta riƙe kafaɗa, ta daɗe a haka kafin ta miƙe ta ƙarasa shanyar da hagu.

Rabi ta ce, "Kayan mijina ne da na 'yata. In ban wanke ba wa zai wanke?"

Walida ta ji kamar ta fizge kwamfutar ta yi magana. Ta danne.

Hukunci bai fito da wuri ba, an sake kulle gari, an sake ɗagawa. Da ya fito, alƙaliya ta ɗora mafi yawan laifin a kan direba, amma saboda babu mai ayaba da zai tabbatar da inda Rabi ta tsallaka, sai aka ɗora mata wani kaso ita ma. Abin da aka ba ta ya isa aikin kafaɗa da gashin ƙashi, bai wuce haka ba. Madam Kalaivani ta ce, "Boleh lah, ba laifi, Walida, mun yi ƙoƙari." Walida ta ce ita ba ta ga abin murna ba, mace ta tsallaka titi a kan ƙa'ida an ce da laifinta.

An yi wa Rabi aikin. Hannun yana kaiwa daidai kafaɗa yanzu, ba ya wucewa, amma tana tuƙa tuwo, tana yi wa Hureira kitso. Ba ta ƙara kiran Walida ba, kuma Walida ba ta yi mamaki ba, ta san gidan da matar take kwana. Bizar Malam ta fito lafiya, ya kammala karatunsa, bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Abin da yake faɗa wa mutane shi ne Allah ne ya tsare su daga sharrin da wata ta so jefa su.

Bayan an sassauta kulle, wata rana da hantsi Walida ta shiga wani shagon mamak, irin gidan abincin Indiyawa Musulmi, kusa da Jalan Semarak don ta karya. Malam Muhyiddeen yana zaune da abokansa biyu, an kawo musu shayi da roti, wainar fulawar da ake ci a can. Ta yi sallama. Abokan suka amsa ciki-ciki. Shi kuwa ya ture kofinsa, ya miƙe, ya ja takunkuminsa ya rufe fuska, ya fice, su ma suka bi shi. Mai shagon ya tsaya yana kallon abincin da ko taɓawa ba a yi ba.

Walida ta ja kujera a teburin da ke kusa da fanka ta zauna, ta ce a kawo mata shayi mai kauri, kada a cika sukari. Kafin a kawo, Madam Kalaivani ta kira: wani ɗan Nijar ya faɗo daga kan gini a Sentul, wanda ya ɗauke shi aiki yana cewa bai taɓa ganinsa ba, kuma mutumin ba ya jin kowane yare sai Hausa. Walida ta ce a haɗa ta da shi, ta gaya masa kada ya sa hannu a kan kowace takarda, kada kuma ya saurari kowa, tana zuwa in ta gama karyawa.