Allurar Sale a Hannuna

Salamu alaikum 'yan'uwa. Kun sha tambayata abin da ya sami hannuna na hagu, ni kuma kullum sai in ce faɗuwa na yi. Ba faɗuwa ba ce. Yau dai zan faɗa.

Zamanin Turawa ne, ina ɗan yaro, a ƙauyenmu da ke bakin kogi kusa da Haɗeja. Zazzaɓi ya kama ni, ga ciwon kai. Baba ya tafi kamun kifi a fadamar Baturiya, dole Inna ta kai ni ɗakin shan magani.

Ni ne ɗan farinta. Kun san al'ada: ba ta kiran sunana, ba ta maganata a gaban mutane.

A kan bencin jira akwai wani yaro sa'ana, Sale, mai fitsarin jini, da ake yi wa allurar jijiya. Ya zaga bayan gida ke nan sai malamin asibiti, Malam Bukar, ya leƙo a gajiye. Ya nuna ni ya ce, "Baiwar Allah, wannan ne mai allura?"

Inna ta sunkuyar da kai. Shi kuma ya ɗauka e ta ce.

Ni ma ban yi magana ba. Na zaci duk wanda ya zo allura ake masa.

Da na ji tsinin ya shiga na fizge, maganin ya zube a cikin nama maimakon jijiya. Wuta! Kafin mu isa gida hannun ya yi suntum, daga baya ya fashe yana wari.

Bature likita ya zo rangadi, ya duba, ya ce ta bakin tafinta a kai ni Kano a yanke. Baba ya sayar da komarsa ta kamun kifi don guzuri. Tsoro ya hana ni ko kallon wuƙar kankare kifi.

Malam Bukar ne ya durƙusa wa Baturen. "Ranka ya daɗe, kuskurena ne. A bar min shi in gwada."

Wannan maganar ta cinye aikinsa. Amma kullum sai ya tako har gidanmu da ruwan gishiri da bandeji. Yana wankewa ina ihu, Inna tana bayan zana ba ta leƙowa. Ina dai jin shessheƙarta.

Har ruwa ya janye daga fadama kafin ciwon ya rufe. Hannun ya tsira, sai dai bai sake miƙewa ba. Alhamdu lillahi, da shi na yi noma na ci da iyali.

Malam Bukar ya koma sayar da bandar kifi. In ya hango ni a kasuwa sai ya cika min kwando ya kau da kai.

Don Allah, in kun kai yaro asibiti ku faɗi sunansa da ƙarfi, ku tambayi allurar mece ce. Ma'aikata, shiru ba amsa ba ce.

Na gode wa masu yi min addu'a. Wasu na cewa in yafe. To wa? Mutumin da ya lalata hannun shi ya hana a yanke shi. Inna kuwa abin da aka koya mata ta yi. Duk sun rasu, ni na tsufa, har yau ban san wanda ya yi min laifi ba.