Goyon da na koyar ta cikin waya

Shekarun baya, babban ɗana yana aiki a Turai, matarsa ta haifa mini miji. Na nemi tafiya zaman jego, aka hana ni biza. Yarinyar nan ita kaɗai, haihuwar fari, ga yaro mai rigima da ba ya barci sai a jiki. Ta kira ni tana kuka: "Mama, in na goya shi zamewa yake yi, tsoro nake ji."

Na yi bayani a waya har bakina ya bushe. Ina! Goyo ido ke koyonsa. Ni kuwa duk unguwarmu Shango an san ɗaurina, 'ya'ya tara na goya ban taɓa sake majanyi a hanya ba.

Ɗana ya ce a ɗauke ni bidiyo a tura masa. Na ari jaririn maƙwabciyata, 'yar kudancin Kaduna, ta ce, "Kaka, ki dawo mini da shi fa, kar a tura har da shi." Na sha kwalliya kamar mai zuwa biki, na duƙa, na ɗora, na ɗaure, na kwance, na sake.

Muka je shagon intanet na wani mutumin Bida. Ya nuna mini wani layi a gilashin kwamfuta, ya ce in ya cika saƙo ya isa. Layin nan yana rarrafe, ya kai tsakiya, sai ya tsinke. Aka sake, ya tsinke. Ya canja kwamfuta, ya tayar da janareta, duk ɗaya. Har tofi na yi wa gilashin, mai shago yana danne dariya.

Washegari ya zauna yana duban agogo, sannan ya kira ɗana. "Oga, ba daga nan ba ne. Ko na rage nauyin bidiyon ko ban rage ba, lokaci guda yake yankewa. Duba wajenka."

Can sai ga ɗana yana salati. Ashe na'urar da yake ajiye saƙonnin gida a ciki tana da wata a gabanta, kamar mai gadi, ita ke karɓar kaya ta miƙa ciki. An yanka mata lokacin jira, in mai kawo kaya ya yi nawa sai ta rufe ƙofa. A can intanet gudu yake, ba ta taɓa rufe wa kowa ba sai mu.

Na karɓi wayar na ce, "Kai, mai gadinka ne ke korar uwarka?"

"Tuba nake, Inna. Yanzu zan ƙara masa haƙuri."

Yana zaune a wata duniya ya taɓa abin, mu muna Minna muka ga layi ya wuce inda yake mutuwa. Ya ci gaba da rarrafe har ya cika.

Bayan kwana biyu mai shago ya aiko in zo. Sai ga surukata a gilashi tana wanke-wanke, ta juyo bayanta, mijina ya kwantar da kumatu yana barci, baki buɗe. Ɗaurin nawa ne sak, har yadda nake soke bakin zani ta hagu, yadda mahaifiyata ta koya mini a Garatu.

An hana ƙafata zuwa, amma hannuna ya je. Yaron ya girma, ya zo hutu yana yi mini Turanci, na ce, "Rufe mini baki, ni na goya ka."