Nafi'u da Tsohuwar Kwamfutarmu

Ina buɗe ɗakin kwamfuta da safen nan waya ta shigo: wai Nafi'u ya rasu. Hatsarin mota, a hanyarsa ta dawowa Kura daga Kano.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu makullin yana hannuna.

Ɗalibina ne. A wannan ɗakin namu na Bunkure ya fara taɓa kwamfuta, a kan wata tsohuwa da yara ke kira Kaka. Ya girma, ya samu aiki a birni, amma duk Asabar sai ya zo. Wani lokaci da kwandon tumatir daga gonar babansa, ya ce a raba wa ɗalibai.

Masu tambayar me yake yi, ga shi a taƙaice. Akwai manhajar da ke auna aikin kernel, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, ta nuna inda ake samun jinkiri. A sababbin injina tana aiki lafiya. A kan Kaka kuwa sai ta riƙa fitar da lambobin shirme, domin an tanadar wa lamba mai bit 64 mazubi mai bit 32, wato rabin girman da take buƙata.

Da ɗalibai suka kasa ganewa, dariya ya yi. "Kun taɓa ganin an ɗaura ƙaramin tiyo a bakin babban injin ban ruwa? To, haka ne. Rabin ruwan a ƙasa yake ƙarewa."

Ya rubuta gyaran, ya tura wa masu kula da manhajar. Suka ce sai an gwada a kan tsohon inji na gaske, ba na kwaikwayo ba. In babu mai gwadawa, za su daina kula da irin waɗannan injinan. Mu kuma irinsu kaɗai muke da su.

Asabar da ta wuce na same shi a bakin kanal ɗin ban ruwa, ƙafarsa duk taɓo, yana taya ƙanensa jan ruwa zuwa albasa.

Na ce, "Injiniya guda a cikin laka?"

Ya ce, "Malam, nan ne ofis na asali. Don Allah kar a bari kowa ya taɓa Kaka. Sati mai zuwa zan zo mu yi gwajin tare da yara, su gani da idonsu."

Ban sake ganinsa ba.

Gyaran yana nan, Kaka ma tana nan. Bayan an share makoki ni da ɗalibai za mu kunna ta mu yi gwajin, mu tura sakamakon da sunansa. Ban kai shi iyawa ba, amma ya koya mana isasshe.

Allah ya jiƙanka, Nafi'u. Allah ya yafe maka, ya haskaka kabarinka, ya ba iyayenka haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya ɗan tsaya ya sa shi a addu'a.