Ƙofar Fitar Ɗan'azumi Mai Wankin Hula

A unguwar New Bell in ka ce kana neman Malam Ɗan'azumi, za a tambaye ka wanne. In ka ce mai wankin hula, ko ɗan acaɓa, wato ɗan bensikin, da ya zo Douala jiya zai kai ka bakin lungunsa ya ajiye. A nan aka haife shi, cikin gidan katako irin wanda ake kira karabot, wanda mahaifinsa ya kafa da ya iso da fataucin goro daga ƙasar Katsina. A nan ya yi aure, a nan ya yi furfura.

Wankin hula a garin da ruwan sama ba ya sallama aikin mai haƙuri ne. Ka wanke, ka sa sitaci, ka kifa huluna a kan kawunan katako, kafin ka juya baya hadari ya haɗo daga bakin teku. Rabin rayuwar Ɗan'azumi kallon sama ne, rabin kuma gudu da huluna a hammata. Amma akwai wani aiki da yake yi wanda ba wanda ya ɗora masa, ba kuma wanda ya taɓa biyan shi. Tun yana saurayi, duk rasuwar da aka yi a unguwa shi ne na gaba wajen ɗauko makara daga masallaci, shi ne kuma mai kama wajen kai. Ya shiga gidajen New Bell da makara fiye da yadda ya shige su da gaisuwa.

Gidan nasa kuwa tsufa ya cim masa. Kowace damina ruwa sai ya shigo ya kwana, katako ya ruɓe daga ƙasa, titi yana hawa gida yana nutsewa. Sai 'yarsa ta fari, Zaituna, ta ce ya isa haka. Ita ta yi karatun zanen gine-gine, tana aiki a wani ofis a Bonamoussadi, kuma a lokacin ita aka ba zanen wani babban gida na nuna zane-zane da sassaƙa, abin da suke kira muze. Ta kwashe shi da matarsa Inna Sauda zuwa gidanta a unguwar Makèpè, ta ce za ta rushe karabot ta yi masu gini na bulo.

Ranar da ta shimfiɗa masa zanen gidan a kan tebur, Ɗan'azumi ya duba ya duba, bai ga gida ba. Layuka ne kawai, wasu masu kauri wasu sirara. Ya tambaya ina rufin, aka ce masa an cire ne don a gani daga sama. Ya ce to wa zai riƙa kallonsu daga sama? Inna Sauda ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa ya juya takardar, ya sake juyawa, ƙofar ɗakinsa ta koma bayan gida.

“Baba, ga wurin da na fi so,” in ji Zaituna, ta ɗora yatsa. “Daga titi sai ka hau matakala saboda ruwa. Ka shiga, ka karya dama, ka sake karya hagu, sannan tsakar gida. Mai wucewa ba zai ga Inna tana wanke-wanke ba. Irin zaurukan kakanninmu ne. Haka na yi wa muze ma, mutanen ofis har tafi suka yi mani.”

Ɗan'azumi bai taɓa kwana a gida mai zaure ba, amma ya gyaɗa kai don kakanni. Sai da gini ya kai ƙirji ya je ya gani da idonsa, ya hau matakalar, ya karya dama, kafaɗarsa ta gogi bulo, ya karya hagu, ɗayar ma ta goga. A nan ya tsaya. Filin New Bell ba filin Katsina ba ne, kwanar ta matse. Mai tafiya da ƙafarsa zai wuce. Wanda aka ɗauko a kwance fa?

Ya san abin da yake tsoro, don ya taɓa gani. Amininsa Ɓoɓɓo, Bafillacen Garwa mai sayar da man shanu, a wani gidan haya ya rasu, can ƙuryar lungu. Makara ta ƙi shiga. Aka naɗo shi a tabarma, a wajen kwana aka tayar da shi tsaye, mutum uku suna rungume da shi suna cewa a hankali, a hankali, ƙafarsa tana jan ƙasa. Ɗan'azumi ne ya tallafi kan. Bai taɓa ba kowa labarin ba, amma tun ranar yake roƙon Allah abu ɗaya bayan cikawa da imani: ya fita daga gidan ubansa a miƙe, yadda ubansa ya fita.

To amma ta ina zai fara? 'Yar fari ce, ko sunanta ba ya kamawa, magana mai nauyi kuwa sai dai ta bi ta bakin uwarta. Kuma yarinya ta zuba ƙarfinta tana yi maka gidan zama, kai ka buɗe baki ka tambaye ta hanyar fitar gawarka? Sai ya shiga kewaye-kewaye.

Ya ce wa Inna Sauda ta gaya wa yarinyar nan firji ba zai shiga ta kwanar ba. Amsa ta dawo cewa an auna firji, zai shiga har da sarari. Ya ce gado fa? Aka ce gadon zamani kwance shi ake yi a ɗaura a ciki. Ya ce ragon layya fa? Aka ce rago da ƙafarsa yake tafiya.

“Malam, wai me kake son shigarwa gidan nan ne?” in ji Inna Sauda. “Jirgin ƙasa?”

“Ba shigarwa ba ce,” in ji shi.

Ta kalle shi, ta taɓe baki. Da yamma ya ji ta tana gaya wa Zaituna a kicin cewa zaman Makèpè ne bai karɓe shi ba, mutum ya saba da hayaniya an kawo shi inda ko ɗan talla ba ya wucewa.

Don ta faranta masa rai, Zaituna ta ɗauke shi a mota ta kai shi ofishinsu ya ga muze. Ba a fara gini ba tukuna, ɗan ƙaramin samfuri ne na kwali a kan tebur, da 'yan mutanen roba farare tsaye a ciki. Nan kan Ɗan'azumi ya ƙara ɗaurewa. Gida ne wanda ya fi masallacin Juma'a girma, amma babu taga, haske ta rufi yake sauka. Ya tambaya wa zai kwana a ciki, aka ce ba kowa. Me ake sayarwa? Ba komai. Makaranta ce? A'a. Mutane za su zo, su tsaya gaban bango, su kalla, su tafi. Ya duƙa ya leƙa 'yan mutanen roban, ya ga lallai tsaye kawai suke. Ya ce a ransa duniya da faɗi take, shi yana fama da ɗaki ɗaya da ruwa ke shiga, ga wani gida ana yi wa hotuna.

Sai ya hango wata ƙofa a baya, mai faɗi, babu kwana babu matakala.

“Wannan fa?”

“Ta manyan zane-zane ce, Baba. Wasu sun fi mutum tsawo. Sai mutum huɗu ko shida sun kama, su shigo da shi a hankali. Ba a so a karkata shi, ba a so ya taɓa bango.”

“Fita ma ta nan suke yi?”

“Ta nan.”

Ɗan'azumi ya daɗe yana kallon ƙofar kwalin. Ya yi niyyar faɗa mata. Ya ɗago, ya ga yadda fuskarta ke haske tana jiran ya yaba, sai ya ce, “Allah ya yi albarka.” A hanyar komawa ya yi ta tunani ko shi ne bai gane ba. Mai yiwuwa a cikin layukan nan akwai wata ƙofa tasa da bai iya karantawa ba. Mai yiwuwa kuma ido ne ya ruɗe shi, kwanar ba ta kai matsin da yake zato ba. Bai san wanne ba ne, rashin sanin ya fi komai damun shi.

Washegari da hantsi ya ce zai kai wa wani alhaji hulunansa, ya tari bensikin ya nufi New Bell. Ya tarar da Husaini, shugaban magina, ɗan unguwa ne da ya tashi a gabansa, yana kwaɓa siminti da yaransa.

“Husaini, samo mani katako mai faɗi, dogo kamar na masallaci.”

“Wane na masallaci, Baba?”

“Ka san wanda nake nufi.”

Husaini ya ajiye shebur. “Haba Baba! Da safen nan?”

“Gwaji ne. Ku huɗu nake so.”

Suka jawo wani tsohon ƙyaure daga tarkacen karabot. Ɗan'azumi ya cire takalmi ya jera su, ya cire hula ya ba wani ya riƙe, ya kwanta ya miƙe ƙafa. Rana ta dame shi, sai ya ja rawaninsa ya rufe fuska. Maginan suka kalli juna. Biyu daga cikinsu ba Musulmi ba ne, ba su ma san me ake yi ba, Husaini ya ce masu da Faransanci su dai kama kawai.

Suka taso daga tsakar gida. Kwanar farko, ƙyauren ya ci bango. Suka ja baya, suka karkata, Ɗan'azumi ya fara zamewa. “Doucement! A hankali!” in ji Husaini. Suka ɗaga wajen ƙafa sama, kansa ya yi ƙasa, jini ya taru masa a fuska. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi.

Ana cikin haka wata maƙwabciya ta leƙo ta saman ginin da bai ƙarasa ba, ta ga mutum a miƙe an rufe masa fuska, ga takalman mai wankin hula a jere. Ta saki salati. Kafin Husaini ya buɗe baki lungu ya ɗauka. Mata suka fito da mayafai, wani ya ruga masallaci, wani ya ɗauki waya. Husaini yana ta cewa da ransa, da ransa, masu ji daga nesa suka ɗauka cewa yake yanzu-yanzu yake da ransa, kuka ya ƙaru. Ɗan'azumi ya yaye rawani yana so ya tashi, amma ƙyauren ya maƙale a karkace, ba wurin dafawa. Wata tsohuwa da ta ga gawa tana motsi ta zube a kan yashi.

Da ƙyar aka sauko da shi, aka yi ta ba mutane haƙuri. Wasu suka yi dariya, wasu suka yi faɗa, liman ya aiko a tambaya wai an yi rasuwar ko ba a yi ba. Amma wanda ya buga wa Zaituna waya bai sake bugawa ya warware ba.

Ta iso a bayan bensikin, ta bar motarta a cunkoso, ɗankwali a hannu. Ta kutsa cikin mutane ta hau matakala, ta same shi zaune a kan ƙyauren a tsakiyar kwanar, yana kakkaɓe siminti daga gemunsa. Ta tsaya. Sai ta zauna a ƙasa cikin ƙura da kayan ofis.

“Baba, mene ne wannan? Mais qu'est-ce que c'est? An ce mani ka rasu!”

Kunya ta rufe shi. Ya dubi bango, ya yi magana da bangon. “Gwadawa na yi. Ba ta wucewa. Ni dai ba na so a tayar da ni tsaye a gidan ubana. Na ga an yi wa wani.”

Zaituna ta dubi ƙyauren, ta dubi kwanar da aka yi mata tafi a kanta. Sai yanzu firji da gado da ragon layya suka zauna mata. Ta fashe da kuka irin na yara, ba ta damu da maginan da ke tsaye ba.

“Na auna komai, Baba. Na auna ruwa, na auna rana, har tsawon tabarmar sallarka na auna. Wannan ne ban auna ba. Ko sau ɗaya bai zo mani ba.”

“Ai ba naki ba ne ya zo maki,” in ji shi.

Ta share fuska da ɗankwalin, ta miƙe. Ta karɓi gawayi a hannun wani magini, ta ja layi a jikin bangon daga sama har ƙasa, ta ce Husaini ya fasa daga nan. Ya riƙe guduma bai buga ba, don ya san bangon nan ne abin alfaharinta. Ta ce ya fasa. Bulo ya zube, ƙura ta tashi, titi ya bayyana da masu wucewa da komai.

“Baba, koma ka kwanta. Sai na gani da idona.”

Ya kwanta, yana mamakin yadda abin ya juye. Maginan suka sunkuya za su kama, sai ta dafa kafaɗar Husaini ta ce ya matsa, ta kama wajen kai da hannu biyu.

“Madam, da nauyi fa,” in ji Husaini.

“Na sani. Ranar ba za a bar ni in kama ba.”

Ɗan'azumi ya rufe ido, don ba zai iya kallon ta ba. Ya ji an ɗaga shi, ya ji hannunta a ƙarƙashin kansa. Suka taka a hankali, ba su karkata ba, ba su taɓa bango ba, har suka sauke shi a bakin titi.