Ƙamshin Garin da Aka Bar Ƙanwar Inna

Sai da idon Inna ya mutu sannan ta fara maganar ƙanwarta. Kafin nan, mu 'ya'yanta da aka haifa a Madina ba mu taɓa sanin tana da ƙanwa ba. Abin da muka sani shi ne iyayenta sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su hajji, suka ratsa Sudan, suka faɗa Habasha, suna tafe suna aikatau a gonakin mutane, har Allah ya kai su bakin teku. Ita tana 'yar mitsitsiya a lokacin. Haka muke ba 'ya'yanmu labarin, su kuma su amsa mana da Larabci su koma kan wayoyinsu.

Wata rana da hantsi, a gidanmu na unguwar Harra ta Yamma, ina taje mata kai, sai ta ce, “Mu biyu ne fa.” Na ce su wa? Ta ce ita da ƙanwarta. Sun sauka a wani ƙauye kan tudu lokacin tsinkar gahawa, zazzaɓi ya kama yarinyar, ayari kuma ya ce ba zai jira ba. Aka bar ta hannun matar mai gonar, Musulma ce, a kan za a ɗauke ta a hanyar komawa. Ba a koma ba. Kakana ya rasu a Makka, kakata kuma ta kulle bakinta a kan zancen har ta bi shi.

“Ina jin kukanta,” in ji Inna. “Da can sai a mafarki. Yanzu da idon nan ya rufe, ko ina zaune.”

Sunan garin ba ta sani ba. Abin da ta riƙe kawai, jajayen 'ya'yan itace shanye a ƙasa, da hayaƙi. Matar takan soya gahawa a kasko, ta zagaya da shi a hancin kowa. Inna ta ce in ta sake jin hayaƙin nan za ta gane shi, in an san garin kuma yayana ya je ya tambaya. In ƙanwar tana raye a roƙe ta gafara, in ta mutu a tsaya kan kabarinta.

Ni dai ban iya ɓoye abin da ke raina ba. Na ce, “Haba Inna! Ƙasa guda za mu bincika da hanci?” Ta ce, “Ke dai bakinki ya fi ƙafarki sauri. Tashi ki je.” Na tashi ina ƙunƙuni.

A unguwar Anbariyya akwai wani dattijo ɗan Yaman mai shagon gahawa, tun ina budurwa a wurinsa muke saye. Na ce ya ba ni ta Habasha. Ya yi dariya ya ce, “Wacce a ciki, 'yata?” Ashe ni ce baƙauya. Ya buɗe buhun Harari, ta gabas, 'ya'yanta dogaye masu ɗan rawaya, ita ce manyan gidaje ke alfahari da ita. Ya nuna Laƙamti ta yamma, wata ƙwayar babba wata ƙarama. Ga ta Jimma, mai warin ƙasa, ba ta da kyan gani. Ga Sidamo ta kudu, ƙanana kore-kore, da 'yar uwarta Yirgacefe mai ƙamshin lemun tsami, wadda samarin yanzu ke rububi a kanta. Kaina ya yi zafi, don a labarin Inna sun shigo ta yamma sun fita ta gabas, ko'ina a ciki za su iya zama.

Na sayi kaɗan-kaɗan ɗanya, ya ƙulle kowacce daban ya rubuta sunanta a jiki. Har na juya, sai halin gado ya motsa. Inna ta horar da mu Bahaushiya ba ta barin kasuwa ba gyara, ko allura ta saya. Na ce, “To gyara fa?” Ya san halinmu. Ya sa hannu ƙarƙashin kanta ya damƙo tafi guda ya ƙulle mini.

Ranar farko na soya Harari irin tamu ta nan, sama-sama, ta yi ruwan zuma, na daka da kayan ƙamshi, hel da kanumfari, na kawo a finjali da dabino. Inna ta ture. “Wa ya ce miki sha zan yi? Lokacin ina yarinya, wa ke ba yaro gahawa? Hayaƙin nake so. Ki soya ta yi baƙi ƙirin, ki kawo kaskon nan.” Na koma na ƙona ta har maƙwabciya ta leƙo ko gobara ce. Inna ta shaƙa, ta girgiza kai.

Haka muka yi ta yi, kowace safiya ɗaya, don ta ce hanci ma yana gajiya. Laƙamti ta ce ba ita ba ce. Ta Jimma ta daɗe a kanta, har na fara murna, sai ta ce, “Ta yi kusa, amma a'a.” Sidamo ta sa ta tari. Yirgacefe kuwa cewa ta yi wannan turaren amare ne. Ƙulli ya ƙare, haƙurina ma ya ƙare. Na ce mata shekara nawa yanzu, hanci ba ya riƙe abu haka. Ta juya fuskarta bango.

Washegari don kawai in faranta mata na soya gyaran nan. Ban kai ga ƙofar ɗakinta ba na ji ta tana salati. Ta miƙo hannu biyu tana lalube, ta kusa kama kaskon da zafinsa. “Shi ne! Wallahi shi ne! Ga zauren, ga ta nan kwance kan buhu.” Hawaye na zuba daga idon da ba ya gani. Ni kaina sai da na waiga bayana.

Ko mayafi ban daidaita ba na faɗa mota zuwa Anbariyya. Na ce wa dattijon, “Gyaran da ka yi mini, ta wane gari ce?” Ya jawo wani gwangwani daga ƙarƙashin kanta. Ya ce duk buhun Habasha da ya ƙare, nan yake kakkaɓe gindinsa, tun ba yau ba, da waɗanda ya san garinsu da waɗanda dillali ya kawo ba suna. Daga nan yake yi wa mutanenmu gyara. Na zazzage masa masifa, ba laifinsa ba ne, ya bar ni na gama. Muka baje sauran a kan kanta, doguwa da gajera, kore da rawaya, ya ce ko wanda ya shuka su ba zai rantse ba.

Na faɗa wa Inna gaskiya, ban rage komai ba. Sai ta kamo hannuna ta ɗora a kumatunta, kan tsagar da aka yi mata tana jaririya. “Irin wannan gare ta, ba rana ɗaya wanzami ya yi mana ba, amma hannu ɗaya ne. Duk Musulmi ai nan yake zuwa. Ki riƙa dubawa.”

Inna ba ta ga azumin shekarar ba. Ni kuwa har yau, in na shiga Harami ɓangaren mata na hangi ayarin 'yan Habasha, sai in bi tsofaffin ɗaya-ɗaya ina leƙen fuskarsu kamar mara hankali. Wadda mayafi ya rufe wa kumatu, nakan durƙusa kusa da ita in ce, “Sannu, Gwaggo.” Sukan yi mini murmushi su matsa mini wuri. Ba wadda ta taɓa amsawa.