Watan da Na Gani Yana Gudu

Bari in faɗa da bakina kafin 'yan majalisar Ƙofar Gayan su ƙara masa gishiri: a wannan tafiya ni ne wawan.

Mun tashi da asuba bayan sahur, ranar ashirin da tara ga azumi. 'Yar ƙanena da ke karatun sararin samaniya ce ta gayyace ni duban wata a kan wani dutse ta hanyar Pambeguwa, ita da malamanta biyu da wani madubin hangen nesa mai kama da turmi. Tun a mota suka ce bisa lissafinsu ba za a ga wata yau ba. Na ce ni da na bar firamare a aji huɗu, sau nawa liman ya kai shaidata fada aka karɓa? Sai da muka wuce Ƙofar Doka na shafa aljihu na ji babu tabarau.

Hanyar rami ne bisa rami. Ga shingayen jami'an tsaro, kowanne sai ya leƙa but ɗin mota ya tambaya ko turmin nan bindiga ce. Mai sayar da man fetur a galan ya faɗi kuɗinsa, direba ya yi salati. Mai man ya kuma gargaɗe mu cewa hanyar ba ta da kyau bayan duhu, ana shan ruwa mu juya.

Rana ta faɗi. Muka sha ruwa da dabino da kunun tsamiya, su suka duƙufa a kan na'urarsu, ni na koma gefe na ƙura wa yamma ido. Can sai ga wani haske, siriri, a lanƙwashe. Ban ce musu komai ba, don ina so labari ya riga su isa gari da sunana. Na kira Hajiya, uwargidana, na ce an ga wata, ta aika wa liman yanzu yanzu.

Ina kashe waya, sai na ga watan nawa yana tafiya. Ba tafiyar wasa ba, har ya baro yamma ya nufi tsakiyar sama.

Yarinyar ta bi yatsana da kallo, ta ce a hankali, "Baba, ai tashar sararin samaniya ce. Akwai mutane a ciki ma. Hasken rana ne ke dukanta."

In liman ya kai maganar fada da sunana, sai rantsuwa. In ta bazu a unguwa, akwai tsofaffin da ba sa jiran rediyo, gobe za su ajiye azumi, alhakin kuma a wuyana. Na sake kiran Hajiya, ba ta ɗauka ba. Yarinyar ta kira, shiru. Na kira liman, yana salla. Muna sauka daga dutsen sabis ya ɗauke.

Muka kama hanyar gida. Direba na tsoron daji, ni ina tsoron gari. Duk rediyon da na ji a bakin hanya sai in kasa kunne ko za a ambaci Zariya. Na yi ta lissafa gidajen da Hajiya za ta iya shiga cikin awa biyu, ita da ba ta riƙe labari.

Muna shiga unguwa na ji ana tarawi, babu kabbarar idi. Na faɗa gida ko takalmi ban cire ba. Na tarar da Hajiya tana tankaɗen garin sahur. Na fara yi mata bayani cikin natsuwa irin ta manya, cewa tafiyar nan ta koya mini sama ta cika da ƙarafan Turawa, dole mai shaida ya yi hattara a zamanin nan. Sannan na tambaya, murya ƙasa ƙasa, wa da wa ta gaya wa.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta nuna taga da rariya.

"Malam, ga tabaraunka can tun asuba. Mutumin da jiya ya gai da turmi yana zaton ni ce, shi zan tayar wa liman hankali a kansa?"